Faifai ɗaya, ji daban-daban: me ya sa masu sauraron Pink Floyd suka kasa shiryawa a kan sautin kewaye?

Ka taɓa sa iyafis, ka danna waƙar da aka rubuta Dolby Atmos a gefenta, sai ka ji kamar mawaƙin ya koma can cikin wani zaure mai nisa, alhali abokinka na kusa da kai yana rantsuwa bai taɓa jin sauti mai daɗi irin wannan ba? To kada ka yi saurin cewa ɗayanku ba shi da kunne. Mai yiwuwa ne dukkanku gaskiya kuke faɗa, domin abin da ya isa ƙwaƙwalwarka da wanda ya isa tasa ba ɗaya ba ne, ko da kuwa waya ɗaya kuka yi amfani da ita.

Ni ma hakan ta faru da ni. Wata rana bayan mun tashi daga ɗakin gwaji, ni da wani abokin karatuna muka saurari faifai ɗaya da hedifon ɗaya, muna karɓa-karɓa. Shi ya ce yana jin takun sawun mutum a bayan ƙeyarsa, har sai da ya waiga. Ni kuwa duk abin a cikin kaina yake yawo, daga wannan kunne zuwa wancan. Muka yi ta musu har aka kira magariba. Wannan musun ne ya sa na koma na karanta yadda kunne ke gane inda sauti ya fito, kuma shi zan warware maka yau, kafin ka zuba kuɗinka a kan sabon hedifon ko hom tiyata saboda an ce maka "yana kewaye mutum".

Faifan da ake ta musu a kansa

Sunansa The Dark Side of the Moon, na ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila. An naɗe shi a situdiyon Abbey Road da ke Landan, ya fito a watan Maris na 1973, kuma ya shafe sama da mako 700 a jadawalin cinikin faya-fayai na Billboard a Amurka. Yana cikin salon kiɗan rok da ake kira furogiresif, wanda ya taso a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, tare da ƙungiyoyi irin su King Crimson, Yes, Genesis da Jethro Tull. Masu wannan salo ba sa tsayawa a waƙar minti uku. Kiɗa ɗaya kan kai minti 18 ko fiye, ana jibga kayan kiɗa kan kayan kiɗa, ana cusa sautukan da ba na kiɗa ba. A wannan faifan akwai bugun zuciya, akwai agoguna masu ƙararrawa a farkon "Time", akwai ƙarar silalla da injin ajiyar kuɗi na kanti a farkon "Money", akwai takun gudu a "On the Run", ga kuma muryoyin mutane suna magana can ƙasa-ƙasa.

Su Pink Floyd tun da wuri suke da sha'awar sauti ya riƙa yawo. A watan Mayun 1967, a wani wasa da suka yi a zauren Queen Elizabeth da ke Landan, sun jera lasifikoki a kusurwoyin zauren, mai buga musu piyano da ogan, Richard Wright, yana juya wata 'yar sanda a jikin akwati, sautin na zagaye jama'a.

Yau faifan yana da manyan haɗin sauti guda huɗu, wato abin da 'yan situdiyo ke cewa miksin. Akwai sitiriyo na 1973 mai hanya biyu, hagu da dama. Akwai na lasifika huɗu, kwadarafonik, wanda injiniyan faifan Alan Parsons ya haɗa a wancan zamanin. Akwai na 5.1 da James Guthrie ya haɗa a 2003 lokacin cika shekara 30. Sai kuma na Dolby Atmos da ya fito a 2023 lokacin cika shekara 50. Kiɗan dai shi ne, waɗanda suka buga su ne. Inda aka ajiye kowane sauti a cikin ɗaki ne ya canza.

Masu sauraro sun rabu. Wasu na Parsons suke so, domin yana raba kayan kiɗa fili-fili: wannan jita a gaba, wancan ogan a baya, kai kana tsakiyar makaɗan. Wasu sun fi son na Guthrie na 2003, wanda ya tsaya kusa da tsarin sitiriyon asali, sautin na lulluɓe ka ba tare da wani abu ya cika fizgar hankalinka daga baya ba. 'Yan ɓangaren farko na cewa wannan ya cika tsoro, 'yan na biyu na cewa wancan ya cika wasa. Shi kansa Parsons bai ɓoye ba cewa bai ji daɗin rashin sa shi a aikin 2003 ba. Akwai kuma rukuni na uku da ke cewa a bar musu sitiriyonsu kawai, sauran duk kasuwanci ne.

Wani ɓangare na wannan saɓani ra'ayi ne zalla. Amma babban ɓangarensa kimiyya na iya bayaninsa.

Yadda kunne biyu ke gano inda sauti ya fito

Ido yana ganin wuri kai tsaye, domin kowane ɓangare na abin da ke gabanka yana faɗawa a nasa gurbin a bayan ido. Kunne ba haka yake ba. Abin da dodon kunne ke samu motsin iska ne kawai, babu adireshi a jikinsa. Ƙwaƙwalwa ce ke lissafo adireshin, kuma alamomi uku take dogara da su.

Ta farko ita ce tazarar lokaci. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya. Idan mai babur ya danna hon daga damarka, sautin zai riga isa kunnen dama kafin na hagu. Tazarar ba ta wuce kamar milisakan 0.6 zuwa 0.7 ba, wato ba ta ma kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Duk da haka ƙwaƙwalwa na auna ta, har ma tana iya gane bambancin da bai wuce kashi 10 cikin miliyan na sakan ba idan yanayi ya yi kyau.

Ta biyu ita ce bambancin ƙarfi. Kanka yana tare sauti kamar yadda bango ke tare hasken rana, sai kunnen da ke ɗaya gefen ya samu kansa a inuwa. Amma ba kowane sauti ake iya tarewa ba. Sauti mai kauri, kamar na babbar ganga mai kaɗawa sau 100 a sakan, tsawon igiyarsa ya haura mita uku, don haka zagaye kai yake yi kamar babu shi. Siririn sauti mai kaɗawa sau 5,000 a sakan kuwa, tsawon igiyarsa kusan santimita 7 ne, kai na tare shi sosai, bambancin kan kai desibel 20 a can sama. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Lord Rayleigh, shi ya tsara wannan bayani a 1907: tazarar lokaci ta fi aiki a sauti mai kauri, bambancin ƙarfi ya fi aiki a siriri, iyakarsu na wajen kaɗawa 1,500 a sakan.

To ga inda gizo ke saƙar. Waɗannan alamomi biyu hagu da dama kawai suke faɗa maka. Sautin da ya fito daga gabanka sak da wanda ya fito daga bayanka sak, lokaci ɗaya suke isa kunnuwa biyun, da ƙarfi ɗaya. Haka ma wanda ke gaba ta dama da takwaransa na baya ta dama. Masana na kiran wannan mazurarin ruɗani, domin duk wuraren da ke ba da alama iri ɗaya idan ka zana su, siffar mazurari suke bayarwa, bakinsa na fita daga kunne.

Alama ta uku ce ke raba gardamar, wato fatar kunnen da ke waje. Shafa naka ka ji lanƙwasa da kwarin da ke ciki. Siririn sauti na bugun waɗannan lunguna kafin ya shiga ramin kunne, sai wasu sassansa su ƙaru, wasu su ragu, kuma yadda suke ƙaruwa da raguwa ya danganta da ko daga sama ya zo, ko ƙasa, ko gaba, ko baya. Idan ka haɗa wannan da girman kai da faɗin kafaɗa, sai ka samu abin da zan kira tambarin kunne. Kowa da nasa, kamar zanen yatsa. Ƙwaƙwalwarka ta shekara da shekaru tana koyon naka.

An gwada wannan. A 1998 wasu masu bincike a ƙasar Holan, Hofman da Van Riswick da Van Opstal, sun cusa wa mutane wani abu mai kama da roba a cikin lungunan fatar kunne don canza siffarta. Nan take suka kasa bambance sama da ƙasa, amma hagu da dama bai taɓu ba. Bayan 'yan makonni suna yawo da abin a kunne, ƙwaƙwalwa ta koyi sabon tambarin, suka dawo suna ganewa. Da aka cire, ba su manta tsohon ba.

Akwai kuma wata dabara da kake yi ba ka sani ba: juya kai. Da ka ɗan karkata hagu, sautin da ke gaba zai matsa wajen kunnen dama, na baya kuma wajen kunnen hagu. Ruɗanin ya ƙare kenan.

Sitiriyo ma dabo ne

Kafin ka ce sautin kewaye yaudara ce, ka sani shi ma sitiriyo haka yake. Alan Blumlein, injiniya a kamfanin EMI, shi ya yi rajistar fasahar a 1931. Idan lasifika biyu suka fitar da murya ɗaya a lokaci ɗaya da ƙarfi ɗaya, kai kuma kana zaune daidai tsakiyarsu, za ka ji muryar a tsakiya, inda babu lasifika ko ɗaya. Ƙwaƙwalwarka ce ta ƙirƙiro ta.

Wannan dabon yana da sharaɗi. Akwai abin da za mu kira dokar wanda ya riga zuwa, wadda Hans Wallach da abokan aikinsa suka bayyana a 1949, Helmut Haas kuma ya faɗaɗa ta a 1951. Idan sauti iri ɗaya ya zo daga wuri biyu, ɗaya ya riga ɗaya da kamar milisakan guda ko fiye kaɗan, ƙwaƙwalwa na ɗaukar na farkon a matsayin inda sautin yake, ta haɗiye na biyun. Wannan ne ke sa kana gane inda mai magana yake a ɗaki duk da amsa-kuwwar bango. To lissafa: a milisakan ɗaya sauti na tafiyar santimita 34. Ke nan idan wata lasifika ta fi ɗaya kusa da kai da ɗan abin da bai kai kamu ɗaya ba, muryar da ya kamata ta tsaya a tsakiya ta koma wajenta.

Yanzu ka mai da lasifikokin huɗu ko biyar. Ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta shimfiɗa wa tsarin 5.1 ta ce: ɗaya a gaba sak, biyu a digiri 30 hagu da dama, biyu kuma a wajen digiri 110, wato gefe zuwa ɗan baya, dukkansu nisa ɗaya daga mai sauraro. Shi ".1" ɗin hanya ce ta sauti mai kauri zalla, ƙasa da kaɗawa 120 a sakan, wanda akan tura wa wufa. Injiniya a irin wannan da'irar yake zaune lokacin da yake haɗa sautin. Kai fa? A gidaje da yawa kujera na jingine da bango, lasifikar baya na dab da kunnen mai zama, ta gaba na can mita uku. Wani ma duk biyar ɗin ya jera su a kan teburin talabijin. Mutumin da ya ce "sautin baya ya yi yawa a wannan faifan" sau da yawa kujerarsa yake ba ka labari. Ɗakin ma na da nasa: falon tayil da bangon siminti tsirara na dawo da sauti ta ko'ina, mai kafet da labule na shanye shi.

Kwadarafonik na da ƙarin matsala. Lasifikokinsa huɗu a kusurwoyi suke, digiri 90 tsakanin kowane biyu, alhali sitiriyo digiri 60 yake so. Muryar tsakiya takan yi rauni. A gefe kuma abin ya fi muni, domin lasifikar gaba ta dama da ta baya ta dama duk kunne ɗaya suke fuskanta, don haka sautin da aka so ya tsaya tsakaninsu sai ya riƙa tsalle, ko gaba ko baya. Wannan na cikin dalilan da ke sa haɗin lasifika huɗu ya fi kyau idan an kafa kowane kayan kiɗa a kusurwarsa, kuma wannan rarrabewar ce wasu ke so a aikin Parsons, wasu ke ƙi. Ga shi kuma a shekarun 1970 kamfanoni sun fito da tsare-tsare da ba sa jituwa, SQ na CBS, QS na Sansui, CD-4 na JVC. A tsarin SQ ana matse hanya huɗu cikin biyu a jikin faifan garmaho, na'ura ta sake warware su, kuma masu araha cikin na'urorin bambancin gaba da baya da suke bayarwa bai wuce desibel 3 ba. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kasuwar ta mutu. Sai a 2011 aka sake fitar da haɗin Parsons a hukumance a faifan zamani, inda hanyoyin huɗu ke ware.

Me ya sa kiɗan furogiresif ya fi cin moriyar abin?

Ka tuna gidan biki: hayaniya ko'ina, amma kana iya bin maganar mutum ɗaya. Toshe kunne ɗaya ka ga yadda abin zai gagare ka. Colin Cherry ya fara nazarin wannan a 1953. Sautuka biyu idan daga wuri ɗaya suke fitowa, mai ƙarfi na danne mai rauni. Idan aka raba musu wuri, sai ƙwaƙwalwa ta iya tsince su ɗaya-ɗaya.

Faifan da aka jibga masa kayan kiɗa da yawa, a sitiriyo dole wasu su ɓuya a bayan wasu. Da aka baza su a lasifika biyar, sai ka ji mutane na cewa sun ji wata jita ko wata murya da ba su taɓa ji ba a shekara 30 na sauraro. Tana nan tun asali, danne ta aka yi. Shi ya sa mawaƙin Ingila Steven Wilson ya yi suna wajen sake haɗa tsofaffin faya-fayan wannan salo a 5.1, irin su In the Court of the Crimson King a 2009, Aqualung a 2011 da Close to the Edge a 2013.

Amma abin da wani ya kira tsabta, wani asara yake gani. Makaɗan sun san wasu sautuka za su narke cikin juna a sitiriyo, kuma a kan haka suka amince da faifan. Idan ka ware su, kamar ka ware wa mutum kayan miya ne ka jera masa a faranti. Komai na nan, amma shi miya ya sani.

Atmos a hedifon: kunnen aro

Dolby Atmos ya fara ne a silima a 2012, Apple Music kuma ya kawo shi wa masu sauraron waƙa a 2021. Bambancinsa shi ne injiniya ba lasifika yake tura wa sauti ba. Yana ba kowane sauti adireshi ne a cikin ɗaki, har da sama, sai na'urarka ta lissafa yadda za ta raba shi ga lasifikokin da kake da su. Idan hedifon ne, hanya biyu kawai ke akwai, don haka dole manhaja ta kwaikwayi tazarar lokaci, bambancin ƙarfi da tambarin kunne.

Tambarin wa? Yawanci na gama-gari ne, wanda aka auna daga kan gunki ko aka tattaro daga kunnuwan wasu mutane. Idan ya yi kusa da naka, za ka ji takun sawu a bayan ƙeya kamar abokina. Idan ya yi nisa, sai ka ji komai a cikin kai, ko na gaba ya koma baya, ko muryar ta yi kamar daga cikin randa. Nan ne amsar musunmu take. Kamfanoni sun san da matsalar, shi ya sa wasu hedifon ke bin motsin kai, kuma tun 2022 wayoyin iPhone ke iya ɗaukar hoton kunnenka don gyara lissafin. Shekaru ma na da tasiri: alamomin fatar kunne a siririn sauti suke, kuma shi ne ke fara raguwa yayin da mutum ke manyanta ko ya daɗe cikin ƙara. Wanda kunnensa ɗaya ya fi ɗaya rauni kuwa, duk hoton karkacewa yake yi.

Abin da ke cikin kai

Saura abu biyu da ba su shafi lasifika ba. Na farko sabo. Robert Zajonc ya nuna a 1968 cewa yawan haɗuwa da abu kaɗai na sa mutum ya fi son sa. Wanda ya ji agogunan "Time" sau ɗaruruwa a wuri ɗaya, idan aka matsar da su, abin da zai fara ji shi ne an taɓa masa kaya. Na biyu ƙarfin sauti. Idan aka kwatanta haɗi biyu, ɗaya ya fi ɗaya ƙara ko da desibel ɗaya ne, mutane kan ce mai ƙarar ya fi kyau, ba tare da sun lura ƙara ce ta bambanta su ba. Haɗin Atmos a manhajojin waƙa yakan fito ƙasa da na sitiriyo a ƙarfi, don haka mai danna maɓalli yana kai-komo tsakaninsu zai iya yanke hukunci a kan abin da ba shi ake tambaya ba.

Gwada da kanka

Zauna a tsakar gida ka rufe ido, kada ka motsa kai. Wani ya riƙa kaɗa makullai a wurare daban-daban, kai kana nunawa da yatsa. Hagu da dama ba za su ba ka wahala ba. Sai ka lanƙwasa fatar kunnuwanka gaba da yatsu a sake, ka ƙirga sau nawa ka rikita gaba da baya. Daga nan ka saki kai ya juya yadda yake so, ka ga bambanci.

Idan za ka kwatanta haɗi biyu, daidaita ƙarfinsu tukuna, kuma wani ya riƙa canza maka ba tare da ka san wanne ke tafiya ba. Idan lasifikoki ne, ɗauko igiya ka auna nisan kowace daga inda kanka yake, ka janye kujera daga bango. Idan hedifon za ka saya saboda wannan fasahar, sa shi a kunnenka kafin ka biya, domin yabon da wani ya yi masa da tambarin kunnensa ya yi. Idan kuma a kowace na'ura muryar tsakiya na karkata gefe ɗaya, juya hedifon ɗin, na hagu ya koma dama. Idan karkatar ta bi hedifon, laifinsa ne. Idan ta tsaya a kunne ɗaya, je asibiti a auna maka ji.

Ni dai a lasifika haɗin Parsons na fi so, a hedifon kuma har yau sitiriyon 1973 nake komawa. Abokina yana nan a kan Atmos ɗinsa, kuma mun daina musu.